Gas Ɗin Dutse da Wankan Jegon Ɗiyata

Ni ba mai yawo ba ce. Tun da maigidana Alhaji ya ɗauko ni daga Damagaram ya aje ni a Stains, gefen Paris a ƙasar Faransa, duniyata ba ta wuce kuzin ɗina, wato ɗakin girki, da kasuwar Saint-Denis ba, sai ko Barbès in zan leƙa shi a kanti. Maƙwabta ke zuwa su iske ni, in ɗora shayi, mu yi ta zuba har yara su taso daga lakwal. Ni ban yi lakwal mai nisa ba. Faransanci da kunne na tsince shi, a bakin matakala da layin ganin likita, kuma abin da ya shiga kunnen nan nawa ba ya fita, ko da a bayan ƙofa aka faɗe shi.

Tafiya guda na taɓa ɗoki a zamana na ƙasar nan, ita ce ta Lyon, lokacin da ɗiyata ta haihu. Ɗiyar fari ce, ba na kama sunanta. A Damagaram na haife ta, da goyonta na hau jirgi. Ta yi karatu, tana koyar da ƙananan yara, ta auri wani yaro ɗan Maraɗi mai ladabi, wanda ke aiki a wata masana'antar sinadarai can ƙasan garin, bakin kogi. Da cikinta ya tsufa na ce ta zo gida wanka yadda ake yi. Ta ce likitanta a Lyon yake. Na ce to, zauna, wankan zai iske ki har ɗaki.

Wankan jego shi ne abin da na iya. Tana yarinya ban taɓa taya ta karatu ba, sai dai in aje mata tuwo kusa da littafi in ja ƙofa. Amma na san yadda ake gasa jikin mace bayan haihuwa har ya koma mazauninsa. Uwata ta yi mini da itace a bayan ɗaki, safe da yamma har arba'in, tana tsoma ganye a tafasasshen ruwa tana fyaɗa mini, ina ihu tana cewa in rufe baki kada surukai su ji. Ƙarfin da nake hawa bene da shi yau in asansar, na'urar hawa sama, ta mutu, ni a ganina daga wannan ruwan ya fito. Shekara da shekaru ina jiran ranar da ni ma zan yi wa tawa.

Shiri kuwa na yi shi kamar mai tafiya Makka. Wata 'yar kasuwa ta kawo mini busasshen ganyen dogon yaro daga Maraɗi cikin akwatinta. Na sayi kanwa da garin gero. Yajin jego da hannuna na daka, turmin bisa bargo ninki biyu don kada maƙwabcin ƙasa ya buga mini rufi da sandar tsintsiya. Sai babbar tukunyata ta dalma, wadda nake dafa shinkafar biki da ita. A jirgin ƙasa ta ƙi shiga ma'ajiyar kaya, haka na zauna da ita tsakanin ƙafafuna har Lyon, wani tsohon bature yana tambayata ko ganga ce.

Ɗiya mace aka samu, tubarkalla, mai gashi. Lokacin sanyi ne. Ranar da aka sallamo su daga asibiti, ko mayafi ban gama cirewa ba na shiga kuzin da tukunyata. Na duba gabas na duba yamma, ban ga murhu ba. Wani baƙin gilashi ne kawai shimfiɗe a bisa kanta. Na cika tukunya na aza a kai, na danna nan na danna can. Abin ya yi ta kuka ƙit-ƙit kamar ɗan tsako, ruwa kuwa sanyi ƙalau.

Ɗiyata ta leƙo da jaririya a kafaɗa. "Inna, plak ɗin nan ba ya kama dalma. Sai tukunyar da aka yi don shi."

"To ina gas ɗin?"

"Mun sa an yanke."

Na zaci bashi ne. Na rage murya na ce in abin ya matse ne ta gaya wa ubanta. Ta yi dariya ta ce ba haka ba ne, in zauna in ji.

"Inna, gas ɗin da ke shigowa ƙasar nan yanzu, da yawansa daga Amerika jiragen ruwa ke kawo shi. Gaz de schiste. A cikin dutse yake can ƙarƙashin ƙasa, ya maƙale, ba ya fitowa da kansa. Sai su haƙa rijiya mai zurfi, su ɗura mata ruwa da yashi da magunguna da ƙarfin tsiya har dutsen ya tsattsage, sannan gas ya taso."

"Ruwa? Wane irin ruwa?"

"Ruwa dai, Inna, irin na sha. Tanki-tanki. In ya dawo sama kuma ko akuya ba ta sha. Akwai mutanen da ke kukan rijiyoyinsu sun lalace."

Wanda bai tashi a Damagaram ba ba zai san abin da na ji ba. Mu da muka jera gwangwani a bakin pompo tun safe, a buɗe shi ya yi tari ya fitar da iska. Mu da ruwan wankin gero ke zama na wanke kwano, na wanke kwano ya zama na dabba. A ce wasu su ɗauki ruwa mai kyau su ɗura wa dutse! Na ce Allah ya isa. Na ce a nan ma haka suke yi? Ta ce a'a, a Faransa an hana tun da daɗewa, mutane suka tashi suka ce ba a tsaga musu ƙasa ba. Amma saye, suna saye.

"Ai kuwa sun iya," na ce. "Sun ga gemun ɗan'uwansu ya kama wuta, sun shafa wa nasu ruwa, sannan suka matso suna jin ɗumi."

Ta yi dariya har jaririya ta motsa. Ta ce za ta kai wannan magana taron ƙungiyarsu ta masu kare muhalli. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, ba kullum nake faɗin abin da zai burge ta ba.

"To na ji," na ce. "Allah ya saka wa masu rijiya. Yanzu ina zan tafasa ruwan wanka?"

Ta nuna mini butar kuran, wato ta lantarki, 'yar mitsitsiya, wadda ake shayi da ita. Ta ce ga kuma ruwan ɗumi a pompo.

Ruwan ɗumi! Ruwan da zan sa hannu a ciki in yi hira. Na dai danne zuciya na gwada. In tafasa buta in juye a bokiti, in sake cikawa, in haɗa da 'yan tukwanenta da ko miyar mutum uku ba su ɗauka. Kafin na ƙarshe ya tafasa na farko ya huce. Ganyen ma bai saki ba, yana yawo a sama kamar shara. Da na kira ɗiyata sai ta ce jaririya na shan nono. Da yamma ta ce barci take ji. Washegari ta ce ta riga ta watsa ruwa. Ni kuwa ina kallon ƙafafunta a kumbure, sanyi na shiga ta, kwana na tafiya. Ɗanyen jego ba ya jiran kowa, in sanyi ya zauna a ƙashi sai tsufa zai faɗa maka.

Surukina ya lura. Tsakanina da shi akwai kunya, ba ya cin abinci a gabana, ba ma haɗa ido. Da ya dawo aiki ya durƙusa a bakin ƙofar kuzin ya gaishe ni, gaisuwa mai tsawo har da mutanen Damagaram da bai taɓa gani ba. Sannan ya ce, kansa a ƙasa, "Inna, in kun yarda, gobe in sawo butalin gas da resho mai ƙafa uku, irin na masu abincin biki. A aza a balko, barandar waje, tukunyarku za ta hau."

Na buɗe baki zan sa masa albarka, sai muryarta ta fito daga ɗaki kamar an harba: "Pas chez moi! Ba a gidan nan ba."

Ya tashi ya shiga, ya ja ƙofa. Suka juya harshe zuwa faransanci, wai don kada in ji. Ina tsaye da ludayi a hannu, ko kalma ɗaya ba ta wuce ni ba.

Ya ce mata ta daina wasa da abin da ba ta sani ba. A wurin aikinsu an riga an rufe sashe guda, abokansa na zaune a gida, manya na cewa gas a nan ya yi tsada, a Amerika kuwa arha ne, masana'anta can za ta bi shi. Ya ce ana cewa ƙasar nan ma tana da shi a ƙarƙashinta, har nan kudu da su, amma an hana ko leƙawa. "In an rufe mu, da allon zanga-zangarki za mu sayi madara?"

Ta ce madarar da ruwan guba za a dama ta? Ta ce gas ɗin na tsiyaya sama yana ƙara zafin duniya, kuma zafin ba Lyon zai fara ci ba, gonar ubansa ce a Maraɗi. Ta ce masu arhar nan wani ne ke biyan sauran, da rijiyarsa da lafiyar 'ya'yansa.

Ya ce, "To waliyyiya, kuran ɗin da plak ɗinki ke ci fa? Da me ake yin sa a ƙasar nan? Ba da ƙarfen yuraniyom da aka yi shekaru ana haƙowa a arewacin ƙasarmu ba? Waɗancan ba su da rijiya?"

Ni ma a raina na ce yaron nan ya taɓo wuri. Da a nan suka tsaya da ban ce komai ba, gardamar miji da mata ce, kowa da gaskiyarsa a hannu. Sai ya jawo ni ciki.

"Dubi uwarki," ya ce. "Une pauvre femme, baiwar Allah matalauciya. Irinsu ne dokokinku ke murƙushewa. Talaka ba ruwansa da dutse, a ba shi wuta mai arha kawai."

Ita kuma ta ce, "Bar uwata a ciki. Ba ta gane irin waɗannan abubuwa."

Shi ya mai da ni matsiyaciyar da ba ta damu da rijiyar kowa ba in dai tukunyarta ta tafasa. Ita ta mai da ni jaka. Jiya-jiya ta ce za ta kai maganata taro, yau ban gane komai ba. Ni da na san darajar ruwa tun ba a haifi wanda ya koya musu karatu ba. Sun ɗauke ni kamar muciya, wannan ya buga wa wancan, wancan ya karɓe ya rama, kuma babu wanda ya buɗe ƙofa ya ce Inna, ke me kika gani?

Na fita balko cikin sanyi na kira Alhaji. Ko gaisuwa ban bari ya gama ba na zazzage masa. Ina jin hayaniyar Barbès a bayansa, yana ciniki da wani yana saurarona da rabin kunne.

"Hajiya, gas dai gas ne," ya ce. "Wa ya san uwarsa wa ya san ubansa? Ki bi su a hankali, gidansu ne."

"Ɗiyarka ce ke zaune da ɗanyen jiki, Alhaji."

"To in zo in hura mata itace a kan titi? 'Yan sanda su kwashe mu har jaririyar?"

Na kashe wayar.

Haka muka kai ranar suna ba a yi wanka ko sau ɗaya ba. Mata suka zo daga Stains da Saint-Denis, mota cike, da kuloli da turare. A cikinsu akwai wata tsohuwar Hajiya 'yar Tawa, maƙwabciyata, wadda duk matan unguwarmu da suka haihu ba uwa a kusa ita ta yi musu wanka a banɗakin bene. Idonta ba ya kuskure. An yi addu'a, an ci an sha, ɗaki ya cika da guɗa. Ta karɓi jaririya ta yi mata wasa, tana kiranta kishiya. Sannan ta kamo ƙafar ɗiyata ta danna da babban yatsa, ta dubi wurin, ta ɗago ta dube ni.

"Hajiya, wannan yarinya ta ga ruwan zafi kuwa?"

Duk sun san da tukunyar da na ɗauko, wasu ma sun raka ni tasha da ita. Ɗiyata ta gyara zama ta fara, "Ai Hajiya, matsalar gas ɗin nan ne, gaz de schiste, a Amerika ana..."

Wata ta ce, "Gas ɗin wa?" Aka fashe da dariya. Wata ta ce ita kam ko da gas ɗin Fir'auna ne a tafasa mata. Na ga fuskar ɗiyata ta canza, idonta ya kawo ruwa, ga ta da ɗanyen jego a tsakiyar mata suna yi mata dariya a ɗakinta. Duk haushin da nake ji, wannan ban iya kallo ba.

"Ba a yi ba," na ce da ƙarfi. "Jikinta ne, gidanta ne. Ku ci abinci, tafiya na gabanku."

Tsohuwar ta taɓe baki ta ce Allah ya kyauta. Na san kafin su kai Paris labarin ya riga su: ga wadda ta ɗauki tukunya har Lyon ta kasa yi wa ɗiyar cikinta wanka.

Da suka watse, maigidan ya raka maza masallaci, muka rage ni da ɗiyata a cikin kwanuka. Ta ce ta gode. Na ce ta riƙe godiyarta.

"Butali guda," na ce. "Na kwana arba'in. Shi ne zai ƙone duniya? Jiragen ruwan za su juya don ke kin hana uwarki?"

Sai ta ce, "Inna, ungozomar asibiti ta ce kada in yi. Ta ce ruwa mai zafi haka da kunun kanwa suna wahalar da zuciyar mai jego, kuma jinina ya hau da ina da ciki. Tsoro nake ji. Tun ina ƙarama nake jin ihun matan da ake yi wa a benenmu."

Na zauna. "Jininki ya hau ban sani ba? Don me ba ki gaya mini ba?"

"Da na ce ungozoma ta hana, da kin ce ita nawa ta haifa. Da kin kira Hajiya, kin kira Baba, kun taru a kaina. Amma Amerika ba ki da abin cewa."

"Ashe gas ɗin ƙarya ne."

"Ba ƙarya ba ne, wallahi. Tun ban da ciki na sa aka yanke. Ko babu wanka butali ba zai shigo gidan nan ba. Amma na ji daɗi da ya tare mini."

A nan ne na yi faɗan da ban taɓa yi mata ba, har jaririya ta farka ban sassauta ba. Na ce da ta ce mini Inna ina tsoro, da na yi gunaguni, da na yi kuka ma, amma ni na haife ta, ba zan dafa ta da hawan jini ba. Sai ta bar ni ina safa da marwa da butar shayi kamar mahaukaciya, ina kwana da zullumin sanyi ya shige ta. Na ce ta san inda ke mini ciwo, ta san ƙishirwar garinmu, ita ta ɗauko ta yi garkuwa da ita. Ta sa na yi Allah ya isa a kan rijiyoyin mutanen da ban sani ba, da zuciya ɗaya na yi, ita kuwa tana laɓe a bayansu. Na ce in har abin nan gaskiya ne, ana ɓata wa bayin Allah ruwa, to ya fi ƙarfin a yi masa haka.

Ta yi kuka, ni ma na yi. Amma kuka bai wanke komai ba a ranar.

Ban kai arba'in ba. Na ƙara 'yan kwanaki ina dafa musu abinci a 'yan tukwanen nan, ina goya yarinya, ina dama kunu ba kanwa. Sai na ce Alhaji na can shi kaɗai yana cin burodi da sardin, zan koma. Ba ta hana ni ba.

Surukina ya kai ni tasha. A bakin jirgi ya rusuna ya ce, "Inna, ku yafe mana." A ranar na aje kunya na dube shi ido da ido, karo na farko tun da ya auri ɗiyata.

"Malam, Allah ya tsare maka aikinka, ina yi maka addu'a. Amma ni ba pauvre femme ba ce. In za ku yi gardamarku ta gas ku yi da bakinku, kada a ƙara sa ni a ciki."

Bai san ƙofar ɗakinsu ba ta da kauri ba.

Ɗiyata lafiyarta lau, ba zan yi mata sharri ba. Ƙafar ta saɓe, ta koma aiki, yarinya har ta fara tafiya. Shi ma yana nan a masana'anta, kullum da jita-jitar rufewa. Gardamarsu ba ta ƙare ba, an ce ta manyan ƙasar ma haka. Ni dai da gas nake girki har yau, ba ni da wani. Sai dai da can in na kunna murhu bismilla kawai nake yi, yanzu sai na tuna da wata mata can da ban san sunanta ba, tsaye a kan rijiyarta. Ɗiyata ta hana ni wanka, ta kuma ɓata mini murhu, kuma ban san wanda zan kai ƙara ba.

Kwanan baya ta kira, bayan gaisuwa ta ce mini tana da wani cikin. Ta ce, "Inna, za ki zo ko?" Na ce zan zo in riƙe mata babbar. Ta jira ko zan ambaci wanka. Na ce ta gaida maigidan.